Haƙƙin Gawa a Kan Masu Rai

Masanin tarihin nan na Yunanawa, Hirodotus, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya kawo labarin cewa wata rana Dariyus, sarkin Farisa, ya tara waɗansu Yunanawa da ke fadarsa ya tambaye su ko nawa za a biya su su yarda su ci naman iyayensu idan sun mutu, su kuwa, da yake ƙone gawa ce al'adarsu, suka amsa masa da cewa babu dukiyar da za ta sa su aikata wannan ta'asa. Sa'an nan ya sa aka kirawo waɗansu mutane daga wata ƙabila ta Indiya, waɗanda aka ce cin gawar iyaye shi ne al'adarsu, ya tambaye su a gaban Yunanawan, da tafinta a tsakani, ko nawa za su karɓa su ƙone iyayensu da wuta, sai suka ɗaga murya da kururuwa, suka roƙe shi ya bar ambaton wannan saɓo. Abin da marubucin ya fahimta daga wannan zama shi ne cewa al'ada ce ke mulkin mutane, kuma kowace al'umma tata take gani ta fi ta kowa. Masu falsafa da yawa sun bi shi a kan haka har yau, suna kafa hujja da labarin a kan cewa babu daidai babu kuskure a sha'anin ɗabi'a, sai dai abin da mutum ya tashi ya tarar a gidansu.

Ni kuwa a ganina labarin ya fi nuna akasin haka. Ƙungiyoyi biyu ne aka tsayar a gaban sarki, harshensu daban, addininsu daban, amma dukansu an yi musu tayin dukiya a kan su wulaƙanta gawar iyayensu, dukansu kuma sun ƙi, da irin firgici ɗaya da irin ƙyama ɗaya. Da a ce al'ada kaɗai ke nan, da an sami wanda zai ce a miƙo kuɗin, tun da mamaci ba ya gani ba ya ji, ba zai kai ƙara ba, ba kuma zai yi godiya ba. Saɓaninsu yana kan hanyar girmamawa ne, amma cewa gawa tana da haƙƙi a wuyan masu rai, wannan ba su yi jayayya a kansa ba, kuma ko'ina mutum ya duba a tarihin 'yan Adam zai tarar da wannan ittifaƙi.

Alƙur'ani mai girma ya mayar da asalin al'amarin can farkon zuriya, a cikin Suratul Ma'ida, inda ya ba da labarin 'ya'yan Annabi Adamu guda biyu, waɗanda malaman tafsiri ke kira Habila da Ƙabila: bayan ɗayan ya kashe ɗan'uwansa ya rasa yadda zai yi da gawar, sai Allah ya aiko hankaka yana tona ƙasa domin ya nuna masa yadda zai suturta ta, shi kuwa ya ji kunyar gazawarsa, ya shiga nadama. Abin lura a nan shi ne wanda ya iya zubar da jinin ɗan'uwansa bai iya jure ganin gawarsa a yashe ba. Wato ko a zuciyar da ta ƙeƙashe har ta kai ga kisan kai, akwai sauran wani abu da ke shaida cewa jikin ɗan Adam ba mushe ba ne. Daga nan ne fuƙaha'u suka gina hukuncinsu cewa wankan mamaci da yi masa likkafani da yi masa salla da binne shi farillar kifaya ce, wadda idan waɗansu suka tsaya da ita an ɗauke wa sauran, idan kuwa aka rasa mai yi, to, zunubin ya hau kan duk wanda ya sani a garin. Shari'a ba ta bar wannan nauyi a kan dangi kaɗai ba, domin akwai baƙo, akwai wanda ba shi da kowa, akwai mahaukacin da ke kwana a bakin kasuwa, kuma kowannensu haƙƙinsa daidai yake da na sarki.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda wannan farilla ke gudana, har ma sabo ya kan hana shi ganin hikimar da ke cikinta. Da zarar rai ya yi halinsa, sai a shafe idanun mamaci, a ɗaure haɓarsa, a miƙar da gaɓoɓinsa tun ba su sandare ba, a lulluɓe shi, sa'an nan a aika wa liman da maƙwabta da masu haƙar kabari. Kafin a ankara wani ya tafi kasuwa yanko farin yadi, wani ya ɗauko makara daga masallaci, mata sun ɗora ruwa. Mai wanka ya kan naɗe hannunsa da ƙyalle, ya rufe al'aurar mamaci, ya yi masa alwala, ya fara da dama, ya juya shi a hankali kamar yadda ungozoma ke juya jariri, da ganyen magarya a cikin ruwan, da kafur ko turare a wankin ƙarshe, bisa koyi da umarnin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Ummu Aɗiyya da matan da suka wanke 'yarsa. Kuma abin da mai wanka ya gani na aibi a jikin mamaci amana ce da zai tafi da ita nasa kabarin. Idan an gama suturta shi a kan kira matansa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa mata su zo su yi masa addu'a su yafe masa, domin nan ne iyakarsu, sa'an nan maza su fito da shi ƙofar gida ko wani fili. A nan ne a wurare da yawa wani babba daga cikin dangi ke miƙewa ya ce duk mai bin marigayi bashi ya zo ya same su, duk kuma wanda marigayi ya saɓa wa ya dubi Allah ya yafe, wannan kuwa yana da tushe, domin an taɓa kawo wata gawa gaban Annabi ya ƙi yi mata salla saboda bashin da ke kanta, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Salla ce mai kabbara huɗu, babu ruku'u babu sujada. A maƙabarta a kan kwantar da shi a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, a cikin ƙaramin ramin da aka haƙa a tsakiyar babban, a jera itatuwa ko fasassun tukwane a kai, a toshe kafofin da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa don kada turɓaya ta zubo masa, sa'an nan a tura ƙasa. Wanda ya cika da asuba, sau da yawa kafin azahar yana makwancinsa, mutane kuma sun dawo sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mai zuwa yana cewa ya haƙuri, ana amsa masa da godiya, yana cewa Allah ya jiƙansa, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Wannan gaggawa da wannan sauƙi su ne baƙo ya kan fara gani, wani lokaci har ya ɗauke su rashin damuwa. Amma abin da ke ƙarƙashinsu aƙida ce: mamaci matafiyi ne da ake jira a gaba, jikinsa amana ce da za a mayar cikin ƙasar da aka halicce shi daga gare ta, daga cikinta kuma za a tashe shi, kuma babu abin da zai amfane shi a can daga dukiyar da aka bari sai abin da ya gabatar da addu'ar da za a bi shi da ita. Mus'abu ɗan Umairu, wanda ya tashi cikin gata da tufafin alfarma a Makka, da ya yi shahada a Uhudu ba a sami abin da za a suturta shi da shi ba sai wani mayafi guda, wanda in an rufe kansa ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito, aka yi umarni a rufe kan, a sa ciyawa a ƙafafun. Har yanzu wannan ma'auni bai ɓace ba ko a wajen masu mulki: Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu a Abuja daren 5 ga Mayu, 2010, kashegari aka binne shi a maƙabartar Ɗanmarna a Katsina cikin jama'ar gari, Sarki Abdullahi na Saudiyya kuma a ranar da ya rasu, 23 ga Janairu, 2015, aka sa shi a kabarin da babu suna a kansa a Riyad.

To, amma idan muka yarda cewa tafarkinmu daga aƙida ya fito, adalci ya wajabta mana mu nemi aƙidar da ke ƙarƙashin tafarkin waɗansu kafin mu yanke musu hukuncin rashin tausayi. Bahindu da ke ɗauke da gawar mahaifinsa zuwa bakin kogin Ganga a Banaras, ya aske kansa, ya sa fararen tufafi, ya zagaya tarin itacen sa'an nan ya cinna wutar da hannunsa a matsayinsa na babban ɗa, a zuciyarsa yana sauke wajibi ne mafi nauyi da ke kan ɗa ga mahaifi, domin a imaninsa wuta ce ke raba rai da gangar jikin da ya gama aiki da ita, ta sake shi ya ci gaba da tafiyarsa. Majusawa kuwa, mabiya Zaradashta, waɗanda ragowarsu suka yi hijira daga Farisa zuwa Indiya, wuta da ƙasa da ruwa duka tsarkaka ne a wurinsu, gawa kuma najasa ce da ba ta halatta ta taɓa ko ɗaya daga ciki, saboda haka suka gina hasumiyoyi marasa rufi, irin waɗanda ke kan tudun Malabar a Mumbai, inda suke ajiye matattu ungulaye su cinye. Abin da Bahindu ke gani girmamawa, a wurin Bamajushe saɓo ne babba, alhali a ƙasa ɗaya suke zaune. A shekarun 1990 ungulayen Indiya suka yi ta mutuwa har fiye da kashi 90 cikin 100 suka ƙare, daga baya aka gano cewa wani maganin ciwo mai suna diklofenak da ake yi wa shanu ne ke lalata musu ƙoda idan sun ci mushen, gwamnati ta haramta ba dabbobi shi a 2006; Majusawan suka shiga damuwa mai tsanani, har suka kafa madubai masu tattara zafin rana domin su yi aikin da tsuntsayen ke yi. Mutanen da ba su damu da matattunsu ba ba za su sha wannan wahala ba. A tsaunukan Tibet ma tsuntsaye ake ba gawa, inda ƙasa dutse ce da ƙanƙara kuma itace ya yi ƙaranci, su kuwa suna ƙidaya hakan a matsayin sadakar ƙarshe da mamaci ke yi wa masu rai.

Ba na ɓoye cewa zuciyata ba ta karɓar ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma a matsayina na Musulmi na yi imani cewa binnewa ita ce abin da Mahalicci ya shar'anta, ba zaɓi ba ne cikin zaɓuɓɓuka. Sai dai ƙin yarda da aƙidar mutum abu ne guda, ƙaryata baƙin cikinsa kuma abu ne daban, kuma na biyun zalunci ne.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Gana, inda Hausawan zango suka yi zamani mai tsawo suna maƙwabtaka da Tonawa a Kumasi da mutanen Ga a Akra. A wurin Tonawa jana'iza ita ce babban taron dangi: a kan ajiye gawa a ɗakin sanyi na asibiti makonni, wani lokaci watanni, har a tara dangi na nesa da na ƙetare, a gyara gida, a buga sanarwa, sa'an nan a yi taro ranar Asabar cikin jajaye da baƙaƙen tufafi, ko farare idan marigayin ya tsufa ƙwarai, da kiɗa da rawa, ana shelanta gudummawar kowa da sunansa. A Teshi, kusa da Akra, tun shekarun 1950 masassaƙa irin su Kane Kwei suka shahara da yin akwatin gawa mai siffar sana'ar mamaci, kifi ga masunci, kwanson koko ga manomi. Bazange ya kan dubi wannan ya ce an wahalar da gawa an hana ta makwancinta, Batone kuma ya dubi tamu ya ce an yi gaggawar rabuwa da dattijo tun 'ya'yansa na nesa ba su iso ba. Kowannensu haƙƙin mamaci yake karewa a ganinsa. A wurin Batone mamaci yana shiga sahun kakanni ne masu lura da zuriya, kuma rakiyar da ba ta dace da darajarsa ba abin kunya ce ga dangi duka. Mutanen Toraja a tsibirin Sulawesi na Indunusiya sun ma wuce nan, domin su kan bar mamaci a cikin gida watanni ko shekaru suna kiransa marar lafiya, suna kai masa abinci, har sai sun tara ɓaunayen da za a yanka a ranar rakiyarsa.

A nan ne mas'ala ta biyu ke ɓullowa, wadda a ganina ta fi ta ƙonewa da binnewa muhimmanci ga mai son gyara, domin ita ba tsakanin al'umma da al'umma take ba, a cikin kowace al'umma take. Jana'iza taro ce, duk inda aka taru kuwa ana kallon juna, duk inda ake kallon juna riya da alfahari na samun ƙofa, har abin da aka fara domin mamaci ya koma domin sunan masu rai. Sarakuna ne suka fi kowa nisa a wannan. Sarkin da ya fara haɗe ƙasar Sin, wanda ya mutu a shekara ta 210 kafin Miladiyya, an binne shi da dubban sojojin yumɓu, waɗanda manoma masu haƙar rijiya suka ci karo da su a 1974. Al-Bakri, malamin Andalus, ya rubuta a 1068 cewa idan sarkin tsohuwar daular Gana ya mutu a kan gina masa ƙubba ta itace, a shigar da shi da kayan adonsa da makamansa da kwanonin abincinsa, tare da mutanen da ke yi masa hidimar ci da sha, a rufe ƙofa, a tara ƙasa a kai har ta zama tudu. Mu ma ba a bar mu a baya ba, domin tuddan Durɓi Takusheyi a ƙasar Katsina, waɗanda aka tona a 1907 da 1992, sun nuna manyan da aka binne da kayan ado na zinariya da hauren giwa da wuri.

Abin ban sha'awa shi ne kusan duk inda wannan israfi ya yi yawa sai wani mai hankali ya tashi daga cikin mutanen ya yi inkari. A Sin, Konfushiyas ya tsaya a kan makokin shekara uku ga iyaye, da hujjar cewa shekara uku yaro ke yi kafin ya bar hannunsu, hujja ce kuwa mai taɓa zuciya; amma Mozi, wanda ya zo bayansa kaɗan, ya ce jana'izar ƙasaita binne dukiyar talakawa ce, dogon makoki kuma hana su noma da saƙa ne, ya ce akwati mai matsakaicin kauri da tufa uku sun isa, kabari kuma kada zurfinsa ya kai ruwa, kada kuma ya bari wari ya fito. A cikin Yahudawa, littattafansu sun ambaci wani zamani da kuɗin jana'iza ya fi mutuwar kanta nauyi a kan dangi, har waɗansu su kan ajiye gawa su gudu, sai babban malaminsu Gamaliyel ya yi wasiyya a binne shi cikin farar tufa marar tsada, jama'a suka bi sawunsa, har yau kuwa mai riƙo da addini a cikinsu da farin likkafani ake binne shi, da gaggawa, bayan wanka, maƙwabta kuma su ke kawo abincin farko ga masu makoki. A Amurka, inda shafe gawa da magunguna don kada ta ruɓe ya yaɗu tun yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 saboda mayar da sojoji gida, jana'iza ta zama ciniki mai riba, har Jessica Mitford ta wallafa littafi a 1963 tana tona yadda ake sayar wa mai baƙin ciki akwati mai tsada a lokacin da ba shi da ƙarfin yin ciniki. A ƙasarmu kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, ya keɓe wa jana'iza da maƙabartu babi a cikin Ihya'us Sunna, yana rarrabe abin da ya tabbata daga abin da mutane suka ƙara.

Kada sauƙin likkafaninmu ya ruɗe mu mu ɗauka mun tsira, domin abin da muka hana shi shiga kabari ya zagayo ya zauna a ƙofar gida. Lokacin da labarin shahadar Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya iso Madina daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, umarnin da Annabi ya bayar shi ne a yi wa iyalan Ja'afaru abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Yau a gidaje da yawa an juya al'amarin: matar da ta shiga takaba da 'ya'yan da suka zama marayu su ne ke neman shinkafa da mai da itace don ciyar da baƙin da za su zauna kwana uku ko bakwai, ga hayar rumfa da kujeru, ga sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ba zan shiga saɓanin malamai a kan waɗannan sadakoki ba, ko da yake na san ya raba masallatai da dangi. Na ga waɗanda ke yin su da zuciya ɗaya, da gumba da ƙosai gwargwadon hali, suna neman rahama ga iyayensu. Abin da babu saɓani a kansa shi ne jerin da shari'a ta yi wa tarikar mamaci: a fitar da kuɗin suturarsa, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa iyakar sulusi, saura na magada ne, kuma idan akwai maraya a cikinsu, to, duk lomar da aka ci daga rabonsa ba da haƙƙi ba, dukiyar maraya aka ci, ko da sunan sadaka aka dafa ta. Na san gidan da aka sayar da akuyoyin marayu domin a fita kunyar baƙi a ranar arba'in, alhali mai kantin da ke bin marigayin bashi yana zaune a cikin taron, kunya ta hana shi magana. Akwai kuma sabon salo na jera sunayen manyan da suka halarci jana'iza, da ɗaga waya ana ɗaukar hoton makara, har ma da fuskar mamaci, a watsa wa duniya abin da mai wanka ya rantse zai rufe.

Idan al'umma na da haƙƙin gyara nata, to, hukuma ba ta da haƙƙin murƙushe na wani sai da larura tabbatacciya, kuma annoba biyu na zamaninmu sun gwada wannan. A 2014, da cutar Ebola ta ɓarke a Gini da Laberiya da Saliyo, an tabbatar cewa wankan gawa da taɓa ta suna cikin manyan hanyoyin yaɗuwarta, larura ce ta gaskiya. Gwamnatin Laberiya ta yi umarni a watan Agusta a riƙa ƙone gawarwaki a Manrobiya, sai mutane suka koma ɓoye marasa lafiya a gida suna binne matattu a asirce, wanda hakan ya ƙara wa cutar hanya, har aka janye umarnin a ƙarshen shekarar. Abin da ya yi amfani shi ne tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar bayan shawara da malaman Musulunci da na Kirista, inda ma'aikata masu rigar kariya ke yin aikin, dangi na tsaye daga nesa suna gani suna addu'a, a yi wa Musulmi taimama maimakon wanka, a sa masa likkafani, a yi masa salla. Fiƙihu da kansa ya tanadi wannan rangwame tun da daɗewa. A Siri Lanka kuwa, a lokacin korona, hukuma ta tilasta ƙone duk wanda cutar ta kashe tun daga 2020 har zuwa Fabrairun 2021, da da'awar cewa binnewa za ta gurɓata ruwan ƙasa, alhali masana lafiya na duniya sun ce babu laifi a binne. Aka ƙone Musulmi da Kirista a kan idon danginsu, har da jaririn da bai cika wata guda ba, sai a 2024 gwamnatin ta nemi gafara. Duk Musulmin da zuciyarsa ta yi ƙuna da wannan labari, ya kamata ya gane irin abin da wani ke ji idan aka taɓa nasa.

Saboda haka ne nake ganin ladabin Musulmi game da mutuwar maƙwabcinsa wanda ba Musulmi ba, a Jos ne ko a Kaduna ko a Kumasi, ba abu ne da za a bar wa son rai ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da wata gawa ta gaban Annabi sai ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ta Bayahude ce, ya mayar musu da tambayar ko ita ba rai ba ce. Gaskiya ne Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, daga Sayyidina Ali, cewa daga baya Annabi ya bar miƙewa, kuma a mazhabarmu ana ɗaukar hukuncin tsayuwar a matsayin shafaffe. Amma dalilin da aka ambata, wato kasancewarta rai, ba ya cikin abin da ke shafuwa. Musulmi ba zai yi wa wanda ba Musulmi ba sallar gawa ba, ba kuma zai shiga ibadar da ta saɓa wa tauhidinsa ba, wannan iyaka ce bayyananniya, maƙwabcin kirki ma ba zai nemi ya ƙetare ta ba. Amma zuwa gaisuwa, da ba da haƙuri, da kai abinci, da kauce wa hanya a rage murya idan an zo wucewa da gawa, da kame harshe daga izgili ga kukansu ko waƙarsu ko tsawon kwanakinsu, duk waɗannan suna cikin haƙƙin maƙwabtaka wanda bai keɓanta ga Musulmi ba.

Akwai kuma waɗanda suka fi kowa cancantar a tuna da su a cikin wannan zance, su ne masu haƙar kabari da masu wankan gawa da masu gadin maƙabarta, waɗanda ke sauke farillar kifaya a madadin gari duka. Galibinsu dattawa ne talakawa, da diga da shebur da kwano, suna haƙa a cikin zafin bazara lokacin da ƙasa ta yi tauri, da cikin damina lokacin da ruwa ke cika rami, kuma abin da suke samu sau da yawa bai wuce ɗan abin da wani ya miƙa musu a bakin ƙofa ba. Maƙabartu da yawa a garuruwanmu katangarsu ta zube, dabbobi na ratsawa, zaizayar ruwa na buɗe kaburbura, masu gini na cin gefensu kaɗan kaɗan. Kuɗin rumfa da kujeru na zaman makoki guda na wani attajiri zai iya sayen kayan haƙa na shekara, ya gyara kwalbatin da ke kai ruwa cikin kaburbura, ya kuma biya masu aikin albashin watanni, kuma kwamitin kowane masallacin Juma'a yana da ikon buɗe asusu domin wannan.